Naíonra, Turanci da Hausar Ummi: amsa ga wata uwa a Galway

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar Kano ce, ina aikin jinya a birnin Galway na ƙasar Ailan, maigidana kuma ma'aikacin kwamfuta ne. 'Yarmu ta fari, Ummi, a nan aka haife ta. Za ta cika shekara 3 a watan Yuni, kuma a Satumba ya kamata ta shiga nazare. Kusa da gidanmu akwai wata da suke kira naíonra, inda malamai ba sa yi wa yara magana sai da harshen ƙasar na asali, wato Gaeilge. Na leƙa na gani, wurin ya kwanta mini a rai ƙwarai. Amma Abban Ummi ya ce sam. Ya ce yaren da masu shi ma ba ka jin suna yi a kanti, me zai tsinana mata? Turanci yake so ta ƙware. Hajiya, mahaifiyarsa, wadda Ummi ta ci sunanta, ta ce a waya za mu rikita wa yarinya kai: ga Hausa, ga Turanci, ga Larabci in ta fara Islamiyya, yanzu kuma a ƙaro na huɗu. Ni ma ina da nawa tsoron. Ko kalma ɗaya ba na ji a yaren, ta yaya zan taimake ta? Na kuma ji an ce yawancin makarantun nan a hannun coci suke. Yanzu haka ma Ummi tana gauraya Hausa da Turanci, in na yi mata Hausa sau da yawa sai ta amsa mini da Turanci. An ba ni zuwa ƙarshen wata in mayar da fom. Anti, ki ba ni shawara.

Maman Ummi, Galway

Wa alaikumus salam, ƙanwata Maman Ummi. Allah ya raya Ummi, ya yi wa rayuwarta albarka.

Ba zan ja miki rai ba tunda fom na jiranki. Ra'ayina a sa ta. Amma da sharaɗi biyu: da yardar Abbanta, ba a bayan idonsa ba, sannan daga yanzu gidanku ya koma gidan Hausa. Na san kan Gaeilge kika rubuto, sai dai abin da ya fi tsaya mini a rai cikin wasiƙarki shi ne inda kika ce kina yi mata Hausa tana amsawa da Turanci. Kin ambace shi a gurguje can ƙarshe. A wurina shi ne babbar maganar, kuma a kansa zan fi daɗewa.

Mu fara da abin da za ta tarar a can. Naíonra ba aji ba ne na allo da bulala. Wurin wasa ne: yashi, ruwa, fenti, tubalan katako, waƙe-waƙe, labari a zaune a da'ira. Malamar, wadda suke kira stiúrthóir, tana yin komai da Gaeilge, tana haɗawa da nuni da hannu da fuska da hoto, tana maimaita jimloli iri ɗaya kullum a lokaci ɗaya, lokacin rataye kwat, lokacin wanke hannu, lokacin buɗe kwanon abinci. Yaro ya yi mata Turanci ba za ta tsawata masa ba. Za ta fahimce shi, ta amsa masa da Gaeilge, ta sa masa kalmar a baki a hankali. Yawancin yaran da za ta zauna da su daga gidajen da ake Turanci suka fito, iyayensu da dama sun manta abin da suka koya a makaranta. Saboda haka ba Ummi kaɗai za ta shiga ba ta jin komai ba, kusan duk ajin haka zai fara.

Tsarin gwamnati na nazare kyauta, wanda ake kira ECCE, ya fara a 2010, kuma yanzu shekara 2 yake ba kowane yaro. Awa 3 ne a rana, kwana 5 a mako, mako 38 a shekara. Ki yi lissafi da kanki: awa 15 ke nan a mako, alhali yarinya mai shekarunta tana farke sama da awa 80. Sauran lokacin fa? Talabijin, maƙwabta, filin wasa, kanti, asibiti, mai rainon da kike bar mata ita ranar da kike aikin dare, duk Turanci ne. Ko a cikin naíonra ɗin, da malama ta juya baya yara Turanci suke yi a tsakaninsu. Turanci a Galway kamar ruwan saman garin ne, ko da lema ka fita sai ya taɓa ka. Yarinyar da tun kafin ta cika 3 take amsa wa uwarta da Turanci, ba Turanci za a ji mata tsoron rasawa ba.

Wannan hanya ta tsunduma yaro cikin harshen da ba na gidansu ba an daɗe ana bin diddiginta. A 1965, a Saint-Lambert kusa da Montreal a Kanada, wasu iyaye masu Turanci suka nemi a koyar da 'ya'yansu da Faransanci zalla tun daga ajin farko. Masana suka bi yaran shekara da shekaru. Abin da aka gani shi ne sukan ɗan yi baya a karatu da rubutun Turanci a farko, lokacin da ba a fara koya musu shi ba, amma da an fara sai su kamo takwarorinsu. Jim Cummins, haifaffen Ailan da ya yi koyarwa a jami'ar Toronto, ya yi suna a kan bayanin dalilin haka: abin da yaro ya gina a harshe ɗaya, kamar iya ba da labari, ƙirga, gane cewa rubutu sauti yake wakilta, ba ya sake gina shi daga tushe a harshe na biyu, da shi yake ƙetarawa. Ki riƙe wannan, domin ya shafi Hausa kai tsaye.

Kada kuma ki sa ran abin da ba zai faru ba. Ummi ba za ta dawo a watan Disamba tana zuba Gaeilge ba. Tina Hickey, wadda ta yi babban bincike kan waɗannan makarantu da aka wallafa a 1997, ta nuna cewa fahimta ita ke riga magana nesa ba kusa ba. Za ki fara jin waƙoƙi a banɗaki, sannan kalmomi ɗai-ɗai, uisce in tana son ruwa, bainne in madara, slán in za a rabu. Wasu yaran sukan yi makonni ba su ce uffan a makaranta ba, suna saurare kawai. Wannan shirun ba ciwo ba ne.

Yanzu ga Abban Ummi. Kada ki ɗauke shi a matsayin mai taurin kai, domin akwai gaskiya a maganarsa. A ƙidayar 2022, mutum kusan miliyan 1.9 suka ce suna iya Gaeilge, amma waɗanda suka ce suna yin sa kullum a wajen makaranta ba su kai 72,000 ba. Abin da kunnensa ya jiye masa a kanti daidai ne. Inda lissafinsa ya rage shi ne, ko an sa Ummi a naíonra ko ba a sa ba, Gaeilge na jiranta. Tsarin mulkin ƙasar na 1937 ya sa shi harshen hukuma na farko, Turanci na biyu. Darasi ne na dole daga ajin farko na firamare har jarrabawar gama sakandare. Ana ɗauke wa wasu yara, galibi waɗanda suka yi karatunsu a wata ƙasa har suka kai shekara 12, ko masu babbar matsalar karatu. Yarinyar da aka haifa a Galway ta tashi a Galway ba ta cikin waɗannan don kawai iyayenta baƙi ne. Jami'o'in da ke ƙarƙashin NUI, wato Jami'ar Ƙasa ta Ailan, ciki har da ta garinku da UCD ta Dublin da ta Cork da ta Maynooth, suna neman haifaffen ƙasar ya ci Gaeilge kafin su ɗauke shi. Aikin koyarwa a firamare ba ya samuwa sai da kyakkyawan sakamako a babban matakinsa. Dokar harsunan hukuma da aka gyara a 2021 ta sa burin cewa zuwa ƙarshen 2030 kashi 20 cikin 100 na sababbin ma'aikatan gwamnati su zama masu iya shi. Tarayyar Turai ma tun 2022 take fassara dokokinta zuwa gare shi kamar sauran harsunanta, kuma mutane ake biya su yi aikin.

Tambayar da za ki ajiye a gabansa ke nan: tunda shekara 13 ko 14 za ta yi tana fama da wannan darasi, gara ta same shi da waƙa da wasa tana 'yar shekara 3, ko ta same shi a matsayin darasin da ba wanda zai iya taya ta a gida? Mutumin da ke aikin kwamfuta zai gane wannan lissafin.

Akwai kuma abin da ba ya shiga lissafi, amma ni ya fi mini nauyi. Ummi baƙar fata ce, Musulma, a ƙasar da za a yi ta tambayarta daga ina take ko da a asibitin garin aka yanke mata cibi. Ban ce harshe zai kawar da wannan ba. Amma yana ba yaro wani irin tsayuwa da ƙafafunsa. Ola Majekodunmi a Legas aka haife ta, aka kawo ta Dublin tana jaririya, iyayenta suka sa ta makarantun Gaeilge. Ta girma ta zama mai gabatar da shiri da harshen a gidan rediyon Raidió na Life, har aka naɗa ta cikin hukumar Foras na Gaeilge mai kula da bunƙasa shi a tsibirin baki ɗaya. Iyayenta ma ba da shi suka tashi ba. A wata firamaren 'yan mata kuma da ke Blanchardstown a Dublin, Scoil Bhríde, inda a lokacin kimanin kashi 80 cikin 100 na ɗalibai 'ya'yan baƙi ne masu harsunan gida kusan 50, shugabar makarantar ta lokacin, Déirdre Kirwan, ta buɗe wa yara ƙofa su shigo da harsunan iyayensu cikin aji. Makarantar Turanci ce, amma abin da ya biyo baya shi ne Gaeilge ɗin yaran ya ƙaru, domin yaron da ya saba da harshe biyu ba ya jin na uku baƙon abu ne.

Maganar Hajiya kuwa, da ladabi za a amsa ta, kuma amsar tana unguwarsu. Yaro a Yola yana Fillanci da kakarsa, Hausa a layi, yana biya allo da Larabci, yana Turanci a boko. A Maiduguri a sa Barbarci a wurin Fillanci. Ba mu taɓa cewa kansu ya rikice ba. Gaurayawar da Ummi take yi ma ba rikicewa ba ce. Kalmar da ta fi kusa da bakinta take ɗaukowa, kuma in kin saurari kanki da Abbanta a teburin abinci za ki ji daga inda ta koya. Abin da ya kamata ki lura da shi daban ne, kuma ke ma'aikaciyar jinya ce kin fi ni sani: in ba ta haɗa kalma biyu ko uku a kowane harshe, ko ba ta gane umarni mai sauƙi, ko kina shakkar jinta, ki kai ta wurin nas ɗin unguwa ta HSE, hukumar lafiya ta ƙasar, a duba. Ko an sami wani abu, ba dalili ba ne na yanke mata harshe, kuma akwai shirin AIM da aka kafa a 2016 don tallafa wa irin waɗannan yara a cikin nazare, har da naíonra.

To, mu zo kan Hausa.

Ƙanwata, cikin harsuna huɗun da Hajiya ta lissafa, uku suna da masu tsaronsu. Turanci yana da gari gaba ɗaya. Gaeilge yana da gwamnati da malamai da gidan talabijin. Larabci yana da malamin Islamiyya da salla biyar. Hausa a Galway ba ta da kowa sai ke da Abban Ummi. Ranar da kuka gaji, ta tafi ke nan. Kuma ba da hayaniya take tafiya ba. Yarinya ta amsa da Turanci, uwa ta dawo daga aikin dare a gajiye ta bi ta da Turanci don magana ta yi sauri, a kwana a tashi sai ya zama tana ji ba ta mayarwa. In ta sami ƙani, tsakaninsu Turanci za su yi, shi kuma ko jin ba zai yi sosai ba. Sai ranar da aka je Kano hutu, yarinya ta zauna gaban kakar da ta ci sunanta ba abin da ke tsakaninsu sai murmushi da "ina wuni".

Ƙasar da kike zaune a cikinta ta ga wannan da idonta. A farkon ƙarni na 19 miliyoyin mutane ke Gaeilge, musamman a yammacin da kike. Makarantun gwamnati da aka kafa a 1831 da Turanci suke koyarwa. Sai babbar yunwa ta 1845 zuwa 1852, wadda ta kashe mutum kusan miliyan ɗaya, ta kori kusan wani miliyan zuwa ƙetare, kuma yankunan masu Gaeilge ta fi yi wa ɓarna. Iyaye suka duba suka ga 'ya'yansu Amurka da Ingila za su je neman abinci, sai suka daina yi musu harshen da kansu. Har wata 'yar sanda ake rataya wa yaro a wuya, duk lokacin da ya yi Gaeilge a yi mata tsaga, a hukunta shi gwargwadon tsagar, kuma sau da yawa da haɗin bakin iyaye. Ba ƙin harshensu suke ba, son 'ya'yansu ne ya kai su, da irin hujjar da Abban Ummi ya kawo, wadda kuma ita ce ke sa wasu makarantun kuɗi a gida cin tarar yaro in ya yi Hausa a aji. Tun kafa Conradh na Gaeilge, ƙungiyar farfaɗo da harshen, a 1893 ake ta ƙoƙarin dawo da abin da ya zube. Naíonra ɗin da kika leƙa wani yanki ne na wannan ƙoƙari: jikokin jikoki ne ke kai 'ya'yansu wurin malama ta koya musu abin da a da uwa ke bayarwa kyauta a bakin murhu.

Shi ya sa na ga naíonra zai iya zame wa Hausarku abokin tafiya. A nazaren Turanci, darasin da yaro ke ɗauka ba tare da an faɗa masa ba shi ne harshe ɗaya ne na gaske a duniya, sauran na tsofaffi ne a waya. A naíonra kuwa tana ganin babbar mace Baturiya ta dage kan wani harshe da ba Turanci ba, tana alfahari da shi. In ta dawo gida ta tarar da uwarta ta dage kan nata, abin ba zai zame mata baƙo ba.

Dagewar ba faɗa ba ce. Ki yi yadda malamar take yi. In ta ce miki da Turanci tana son ruwa, ki ce "Ruwa kike so? Ga ruwa. Ce Umma ba ni ruwa." In ta faɗa ki yaba mata, in ba ta faɗa ba ki ba ta ruwanta, gobe ma rana ce. Kada ki yi kamar ba ki ji ba har ta yi kuka, kada kuma a yi mata dariya in ta karya harshe, domin dariyar manya ita ta fi komai rufe bakin yaran ƙetare. Wanka, kitso, girki, shiga mota, duk su zama da Hausa, kuma Hausa mai yawa, ba ta "zo nan" da "bari" kaɗai ba. Ki riƙa gaya mata abin da kike yi: ina yanka albasa, ta sa ni hawaye, miƙo mini ludayi. Ke da Abbanta ku yi hirarku da Hausa a gabanta, wannan ya fi kowane darasi. Ku nemi gidajen Hausawa ko da biyu ne, a Galway ko Limerick ko Dublin, masu yara sa'anninta, ku riƙa haɗuwa. In hali ya yi, hutun bazara na Yuli da Agusta a yi shi a Kano cikin 'yan'uwa.

Hajiya kuma a ba ta aiki. Maimakon gaisuwar minti biyu, a sa rana a mako da za ta kira ta bidiyo ta yi wa takwararta tatsuniya, daga "ga ta nan ga ta nanku" har "ƙurunƙus", da Gizo da Ƙoƙi da waƙoƙin ciki. A gaya mata gaskiya, cewa ana tsoron Hausar yarinya kuma ita ake so ta riƙe ta. Ina kyautata zaton tsoron Hajiya na asali ba yawan harsuna ba ne, tsoronta kar jikarta ta yi mata nisa. Wannan bayanin daga bakin ɗanta ya kamata ya fito, ba daga naki ba.

Batun coci, a rarrabe abu biyu. Gaskiya ne kusan 9 cikin 10 na firamaren ƙasar suna ƙarƙashin cocin Katolika, amma na Turanci ma haka suke, don haka guje wa Gaeilge ba zai raba ku da wannan tambaya ba. Naíonra kuwa yawanci na wani mutum ne ko na kwamitin unguwa, ko da a harabar wata makaranta yake. Ki tambayi malamar kai tsaye: ana addu'a kafin cin abinci? Me ake yi a Kirsimeti? Ran 1 ga Fabrairu, ranar Brigid, wata waliyyiyar Kiristocin ƙasar, yara kan saƙa gicciye da ciyawa a makarantu da yawa, ki faɗa tun yanzu in kina so a ba Ummi wani aikin hannun. Gaisuwarsu ta gargajiya tana ambaton Allah, amsarta kuma tana ƙara sunan Maryam. In hakan bai kwanta muku ba akwai wasu gaisuwar da yara ke yi, malama za ta nuna mata. Abinci ke za ki zuba mata daga gida, amma ki yi maganar naman alade da alawar da ake sa wa jelatin, saboda ranar bikin haihuwar wani yaro da kuma musayar da yara ke yi a tsakaninsu. Yadda malamar ta karɓi waɗannan tambayoyi zai gaya miki abu mai yawa. In kin ga fuskarta ta canza, ko ta ce ai duk yara ɗaya ne ta wuce, ki sake tunani. Malama mai kirki a nazaren Turanci ta fi wadda ba ta damu da 'yarki ba a naíonra.

Rashin jin yarenki ba zai hana komai ba a wannan mataki, ba jinga ake bayarwa ba. Saƙonnin iyaye da Turanci suke zuwa ko da harshen biyu. Tashar yara ta Cúla4, wadda gidan talabijin na TG4 ya buɗe a 2023, tana da katun da Gaeilge, sai ki musanya mata wani ɓangare na katun ɗin Turanci da shi, ba ki ƙara mata zaman kallo ba. Laburaren gari kyauta ne. Ki bar ta ta zama malamarki, ta koya miki launuka da ƙirga, ke kuma ki ce "mu da Hausa ja muke cewa". Yara suna son wannan matuƙa.

Abu ɗaya da iyaye da yawa ke kuskurewa: shiga naíonra ba ya ba yaro kujera a firamaren Gaeilge, wato gaelscoil. Dokar ɗaukar ɗalibai ta 2018 ta hana makaranta fifita yaro don kawai ya yi wata nazare, ko da yake ta yarda gaelscoil ta fifita wanda ya riga ya iya harshen gwargwadon shekarunsa. Da yawansu masu nema sun fi kujeru. Ana buɗe karɓar takardu daga Oktoba na shekarar da ke gaban shiga, kuma kowace makaranta tana wallafa ƙa'idojinta. Wasu na Katolika ne, wasu na addinai daban-daban, musamman a cikin waɗanda ke ƙarƙashin An Foras Pátrúnachta, wata ƙungiya mai kula da makarantun Gaeilge, kuma a kowacce doka ta ba ku ikon cire 'yarku daga darasin addini. Amma wannan shawara ce ta nan da shekara biyu. Ki gaya wa Abban Ummi haka, zai rage masa nauyi: ba makomar karatunta duka ake yankewa a wannan watan ba. Yara da yawa suna gama naíonra su wuce firamaren Turanci lafiya lau. In ma kuna da niyyar komawa Najeriya nan kusa, ba ta yi asara ba, sai dai a lokacin hujjar jarrabawa da aiki ta faɗi, abin dubawa kawai shi ne wace makarantar ta fi kula da yara.

Kafin ki mayar da fom, ki nemi rahoton binciken da Tusla, hukumar kula da yara, ta yi wa wurin, ana samunsa a intanet. Ki ƙirga yara da manya: a tsarin ECCE babba ɗaya ba ya wuce yara 11. Ki tambaya ko suna so yaro ya daina sa kunzugu kafin ya fara, kina da bazara gaba ɗaya ki shirya ta. Ki tambayi yadda suke yi da yaron da ya yi kuka a makon farko, da wane harshe ake rarrashinsa. Ki rubuta wa malamar kalmomin Hausa kaɗan da Ummi ke amfani da su in ta matsu, fitsari, ruwa, ciwo, Umma. Ki duba ko akwai wasu yaran baƙi, domin makarantun Gaeilge sau da yawa ba su kai na Turanci cakuɗuwa ba. Rashinsu ba zai hana ba, amma gara ki sani. Awa 3 ɗin kyauta ne, duk wani ƙarin kuɗi na zaɓi ne, kuma kafin alƙalamin da za su karɓa ana mayarwa bayan an yi mata rajista da lambarta ta PPS, wato lambar shaidar da gwamnati ke ba kowa.

Shi kuwa Abban Ummi, kada ki tare shi da wannan amsa kamar kin kawo shaida kotu. Ki zaɓi lokacin da ya huta, ki fara da inda yake da gaskiya, sannan ki roƙe shi abu ɗaya: ya ɗauki safiya guda ku je tare ya zauna ya kalli yaran, ya yi wa malamar duk tambayar da ke ransa, har da wadda ya yi miki. Sun saba jin ta daga iyaye 'yan ƙasa ma. Gani ya kori ji. Ku yi istihara, ku yi yarjejeniya cewa za ku zauna a hutun Disamba ku duba yadda take: tana tafiya da murna? Tana barci lafiya? Maganarta na ƙaruwa? In abin bai karɓe ta ba, ana iya sauya mata wuri, sai dai ki tambayi kwanakin sanarwar da suke buƙata tun kafin ki sa hannu.

In ya je ya gani ya ce har yanzu a'a, kada ki mayar da fom a ɓoye, kada kuma ki riƙe shi a zuci. Ki sa ta nazaren Turanci mafi kyau da ke kusa, ki roƙi naíonra su bar sunanta a jerin masu jira saboda shekara ta biyu, ki kunna mata Cúla4. Sharaɗin Hausa kuwa yana nan daram ko wacce aka zaɓa, kuma ba sai Satumba za a fara shi ba.